Sawun Tawada

Ƙarfe shida nake buɗe ɗakin ɓeraye,
kafin zafi ya taso daga gonakin raken Ribeirão Preto.
Shekara goma sha tara ke nan.
Sunana ba ya fita a takardun bincike,
amma hannuna ɓerayen suka sani.

Lamba talatin da ɗaya, fari fat, jajayen idanu.
Likita Zuleide ta datse masa jijiyar cinya,
ta bar tazarar da ba ta fi ƙwayar wake ba,
ta haɗa baki da baki da ɗan bututu mai kaurin tsinken ashana.
A ciki ta ɗiga ƙwayoyin asali
da aka tato daga kitsen ɗan'uwansa,
aka yi renonsu mako uku cikin ɗumi,
ƙwayoyin da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba.
Ta ce, Odete, ba lallai su zama jijiya ba,
'yan share hanya ne, 'yan kai ruwa,
masu tsayawa a ƙetare suna kira: taho, ga gida nan.

Ni nawa aikin na tawada ne.
Duk Talata in tsoma ƙafafunsa na baya a baƙi,
in shimfiɗa takarda a siririn lungu,
in sake shi ya ruga zuwa duhun akwatinsa.
Lafiyayyar ƙafa takan buga yatsu biyar a baje.
Mai ciwon kuwa jan ta yake yi,
dogon layi,
kamar wanda ya fara rubutu barci ya sace shi.

Na san wannan layin.
Babana Valdomiro, adda ta kuɓuce masa a gonar rake
shekarar da na shiga aji uku.
An ɗinke fata, fata ta haɗe.
Yatsu biyu suka naɗe, har yau ba su miƙe ba.
Yakan ƙone a jikin tukunyar kofi,
sai ƙauri ya gaya masa.
Ni ke saka masa maɓallin riga ranar Lahadi.

Jijiya ba ta san gaggawa ba.
Milimita guda a yini, in ta ga dama,
tana lalube kamar saiwa a busasshiyar ƙasa.
Mako huɗu, ja.
Mako shida, ja.
Lamba ashirin da takwas ya cinye yatsunsa cikin dare
don bai san nasa ba ne.
Na rubuta a littafi, na wanke keji,
na fita na tsaya gindin mangwaro har hannuna ya daina rawa.

Talata ta goma, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
na ɗaga takardar talatin da ɗaya ga fitila.
Yatsa na biyu da na huɗu sun rabu.
Kaɗan. Tsakaninsu da ƙyar zare zai wuce.
Na auna sau uku.
Likita ta ce ɓera guda ba hujja ba ne,
a jira sauran, a ƙirga, a sake.
Daga ɓera zuwa kare akwai tafiya,
daga kare zuwa doki, balle wuyan hannun mutum.
Gaskiyarta.
Na kuma san Juma'a za a kwantar da shi barcin da ba tashi,
a yanka jijiyar siriri-siriri, a ƙirga zaren da ya haye.

Na sa shi ya sake bin lungun, takarda ta biyu,
wadda ba ta shiga littafi ba.
Na naɗe ta cikin jaka, na hau bas.

Baba ya ɗora ta a gwiwa, ya matso da ita kusa da ido,
ya bi sawun ɗaya bayan ɗaya da naɗaɗɗun yatsunsa
har inda takardar ta ƙare.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce: me kuke ba shi ya ci?